Jerin Sarƙe a Rubutun Zube: Daidaita Jimla Don Sauƙaƙa wa Mai Karatu

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba kundin ɗalibai na kammala digiri ya san wata irin jimla wadda kalmominta duka daidai suke, amma da an karanta ta sai a ji tana ɗingishi. Babu kuskuren rubutu a cikinta, babu kalmar da aka yi wa mummunar fassara, duk da haka sai mai karatu ya kai ƙarshe ya koma farko yana neman inda zaren ya tsinke. A dubi wannan misali, irin wanda ake yawan cin karo da shi a babin farko na kundi:

(1a) Manufofin wannan bincike su ne gano yawan ƙwayoyin cuta a ruwan rijiyoyin unguwa, za a kwatanta ruwan rijiya da na famfo, da kuma shawara ga hukuma.

Manufofi uku marubucin ya jero, kuma dukansu matsayinsu ɗaya. To amma ta farko ta zo da sigar suna ɗan aikatau (gano), ta biyu ta zo a matsayin cikakkiyar jimla (za a kwatanta), ta uku kuwa suna ce tsura (shawara). Wannan ya yi kama da murhun da aka kafa da duwatsu uku masu bambancin tsawo, ko yaya aka ɗora tukunya sai ta karkace. Ga yadda jimlar za ta zauna daram:

(1b) Manufofin wannan bincike su ne gano yawan ƙwayoyin cuta a ruwan rijiyoyin unguwa, da kwatanta ruwan rijiya da na famfo, da bai wa hukuma shawara.

Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne bayyana wannan dabara, da kawo abin da binciken kimiyya ya gano game da ita, da nuna yadda ake amfani da ita a Hausa ba tare da an faɗa tarkonta ba.

2.0 Mene ne Jerin Sarƙe?

Jerin sarƙe shi ne a zuba abubuwa masu matsayi ɗaya cikin gini iri ɗaya. Idan na farko suna ne, sauran ma su zama sunaye. Idan na farko umurni ne, sauran ma su zama umurni. Masu nazarin waƙar Hausa ne suka fi amfani da wannan suna, kuma Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya lissafa shi cikin dabarun salo a tsarinsa na Gadon Feɗe Waƙa. Sai dai dabarar ta girmi sunanta, kuma ta wuce fagen waƙa. Kunnen Bahaushe ya saba da ita tun yana yaro, domin karin magana cike take da ita:

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.
Faɗuwar wani, tashin wani.
Gaba kura, baya siyaki.
Da kyar na sha ya fi da kyar aka kama ni.

A lura da karin maganar farko. Kowane ɓangare ya fara da kalmar rana, sai adadi, sai ta, sai mai ranar. Idan aka ƙirga gaɓoɓi za a tarar ɓangaren farko takwas, na biyu ma takwas. Saboda ginin bai canza ba, hankalin mai sauraro kacokan yana komawa kan wurare biyun da suka canza, wato dubu da ɗaya, da kuma ɓarawo da mai kaya. A nan darasin yake. Abin da ya maimaitu yana zama shimfiɗa, abin da ya bambanta shi ne saƙo.

3.0 Waiwaye Kaɗan

Al'ummu da dama sun lura da wannan dabara tun da daɗewa. A cikin shekarar 887 Miladiyya, Abdullahi Ibnul Mu'utazzi, ɗan gidan sarautar Abbasiyawa, ya rubuta Kitabul Badi'i, inda ya tattara hanyoyin ƙawata magana a Larabci. Malaman balaga da suka biyo bayansa sun faɗaɗa fagen, suka ware sunaye irin su muƙabala, wato jera ma'anoni a fuskance su da kishiyoyinsu bi da bi, da muwazana, wato daidaita awon kalmomin ƙarshen sassan magana. Duk almajirin da ya yi karatun balaga a zaure ya san waɗannan.

A Ingila, Robert Lowth, wanda ya riƙe kujerar farfesan waƙa a Jami'ar Oxford, ya buga laccocinsa a kan waƙoƙin Ibrananci a 1753. Ya nuna cewa ƙashin bayan waɗannan waƙoƙi shi ne daidaita layi da layi, kuma ya kasa daidaiton gida uku: wanda layi na biyu yake maimaita ma'anar na farko, da wanda yake kishiyantar sa, da wanda yake ɗorawa a kansa. Can a 1966 kuma, Roman Jakobson, masanin kimiyyar harshe ɗan asalin Rasha, ya buga nazari a kan waƙoƙin gargajiya na Rashanci, ya kuma kwatanta su da na Sinanci da Finlanci da wasu harsuna masu nisa da juna. Ganin yadda mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka faɗa kan dabara guda, sai tambaya ta taso: ko akwai wani abu a ƙwaƙwalwar ɗan Adam da yake son wannan tsari?

4.0 Abin da Kimiyya ta Gano

Lokacin da mutum yake karatu, ƙwaƙwalwarsa ba ta jiran ƙarshen jimla kafin ta fara aiki. Kowace kalma ta shigo sai a nema mata gurbi, a kuma yi hasashen irin kalmar da za ta biyo baya. Wannan aiki yana gudana ne a wata 'yar ƙaramar ma'ajiya ta wucin gadi. A 1956 George Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya kimanta cewa ma'ajiyar nan tana ɗaukar abubuwa kamar bakwai a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya sake auna hujjojin da aka tara, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ko wanne aka ɗauka, wurin ƙanƙane ne, kuma duk ƙarfin da mai karatu ya kashe wajen warware ginin jimla ya rage masa na fahimtar ma'ana.

A 1984 Lyn Frazier da abokan aikinta na Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun auna tsawon lokacin da mutane suke ɗauka wajen karanta jimloli masu sassa biyu. Sun tarar ana karanta sashe na biyu da sauri idan gininsa ya yi daidai da na farko, ana kuma jinkiri idan ya saɓa. Shekara biyu bayan haka, a 1986, Kathryn Bock ta gwada abin ta fuskar magana. Takan sa mutum ya maimaita wata jimla, sa'an nan ta nuna masa hoton da ba shi da alaƙa da jimlar ta ce ya bayyana abin da ya gani. Sai ta ga mutane suna karkata ga ginin jimlar da suka gama furtawa, ba tare da sun san suna yin haka ba. A 2009 Pia Knoeferle da Matthew Crocker sun yi amfani da na'urar bin motsin ido a kan masu karanta Jamusanci, suka sami sakamako mai kama da na Frazier.

Ma'anar duk wannan ita ce, ginin da ƙwaƙwalwa ta gama amfani da shi yana nan a shirye na ɗan lokaci, kamar kwamin da manomi ya riga ya yi, sai zuba iri kawai. Marubucin da ya maimaita gini ya ba mai karatu kwami a haƙe. Wanda ya canza gini a tsakiyar jeri ba da dalili ba ya sa shi sabon haƙa. Ashe ɗingishin da kunne ya ji a misali na (1a) aiki ne na gaske da aka ƙara wa ƙwaƙwalwa, har ana iya auna shi da agogo.

5.0 Ƙa'idoji Huɗu

5.1 Nau'in kalma ya zama ɗaya

(2a) Ƙarfen jan gaci yana da laushi, da ɗaukar wutar lantarki, kuma tsada gare shi.
(2b) Jan gaci ƙarfe ne mai laushi, mai ɗaukar wutar lantarki, mai tsada.

Kalmar mai da aka maimaita sau uku ta zama alamar da take gaya wa mai karatu cewa ga wata sifa nan tafe. Ƙananan kalmomi irin su mai da don da ta da yadda, su ne turakun jerin sarƙe a Hausa. Ko dai a sa su a gaban kowane ɗan jeri, ko a sa sau ɗaya a farko su game duka. Abin ƙi shi ne a sa wa wasu a hana wasu.

5.2 Wakilin suna da lokaci su zama ɗaya

Wannan ƙa'ida ta fi muhimmanci a wurin rubuta umurni, domin a nan kuskure yana iya taɓa lafiya. A ce ma'aikacin asibiti ya rubuta wa uwa yadda ake haɗa ƙunshin gishiri da sukari na yaro mai gudawa:

(3a) Ki wanke hannu da sabulu. A zuba ƙunshi ɗaya a tsabtataccen ruwa gwargwadon awon da ke jikinsa. Bai wa yaro kaɗan-kaɗan da cokali. Ragowar da ta wuce awa 24 ba ta da kyau.

(3b) Ki wanke hannu da sabulu. Ki zuba ƙunshi ɗaya a tsabtataccen ruwa gwargwadon awon da ke jikinsa. Ki ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. Ki zubar da ragowar da ta wuce awa 24.

A (3a) mataki na huɗu ya saki sigar umurni ya koma labari, don haka uwa tana iya ƙirga ayyuka uku ta tsaya. A (3b) kalmar ki ta fito sau huɗu, kuma ko a wa aka karanta wa takardar zai san ayyuka huɗu ake nema.

5.3 Tagwayen mahaɗai su riƙi kaya iri ɗaya

Hausa tana da kalmomin da suke tafiya bibbiyu, kamar ko … ko, da … da, tun daga … har zuwa, ba … kawai ba … har ma. Abin da ya bi na farko, irinsa ya kamata ya bi na biyu.

(4a) Ana kamuwa da taifod ko ta shan gurɓataccen ruwa ko mutum ya ci gurɓataccen abinci.
(4b) Ana kamuwa da taifod ko ta shan gurɓataccen ruwa ko ta cin gurɓataccen abinci.

Haka abin yake a kwatance. Wanda ya rubuta cewa zafin Sakkwato ya fi Jos ya auna zafi da gari. Abin da yake nufi shi ne zafin Sakkwato ya fi na Jos. Wannan 'yar kalma na ita ce ta daidaita sikelin.

5.4 Mafi tsawo ya zo ƙarshe

A 1909 Otto Behaghel, masanin harshe Bajamushe, ya bayyana cewa idan aka jera abubuwa masu matsayi ɗaya, kunne ya fi son gajere ya gabaci dogo. Bahaushe ma haka yake yi idan ya ce ci da sha da sutura. A kwatanta waɗannan:

(5a) Tsiro yana buƙatar wadataccen hasken rana da iska da ruwa.
(5b) Tsiro yana buƙatar ruwa da iska da wadataccen hasken rana.

Duka biyun daidai suke a nahawu, amma (5b) ta fi sauka lafiya. Bugu da ƙari, a (5a) mai karatu yana iya tsayawa ya tambayi kansa ko sifar wadatacce ta shafi iska da ruwa. Wannan ƙa'ida takan ja da baya idan jerin yana bin lokaci ko daraja, domin ba a sake tsarin matakan gwaji saboda daɗin kunne.

6.0 Inda Hausa ta Sha Bamban

Ɗalibin da ya koyi wannan darasi a ajin Ingilishi yana bukatar taka-tsantsan wajen kawo shi Hausa. Mahaɗin Ingilishi yana haɗa suna da suna, yana kuma haɗa jimla da jimla. Mahaɗin da na Hausa kuwa sunaye yake haɗawa. Saboda haka kuskure ne a ce: Likita ya duba maras lafiya da kuma ya rubuta masa magani. Hanya biyu ce ta gyara. Ko dai a jera jimlolin kai tsaye a ce: Likita ya duba maras lafiya ya rubuta masa magani. Ko kuma a mayar da aikatau biyun sunaye a ce: Aikin likita shi ne duba maras lafiya da rubuta masa magani.

Abu na biyu ya shafi lokaci sabau da lokaci mai zuwa. A dubi wannan:

(6) Macen sauro takan ciji mai zazzaɓi, ta tsotsi jininsa, ta kai ƙwayar cutar jikin wani.

Wanda bai lura ba zai zaci an karya jeri, tun da takan sau ɗaya ta fito. Alhali kuwa wannan shi ne tsarin Hausa: alamar lokaci takan zo a farko, sauran ayyukan su bi ta da gajeren wakilin suna, wanda yake nuna cewa suna biye da juna cikin al'amari guda. Da za a maimaita takan sau uku, da an mayar da su ɗabi'u uku mabambanta. A wajen ba da rahoton gwaji kuma, idan aka kama layin labari da suka, sai a riƙe shi: suka ɗebi ruwa, suka tace shi, suka auna nauyinsa. Tsoma sun a tsakiya yana katse zaren.

7.0 Tarkon Jerin Sarƙe

Magana mai daɗin ji takan yi kama da gaskiya. A shekarar 2000 Matthew McGlone da Jessica Tofighbakhsh sun ba mutane wasu zantukan hikima na Ingilishi da ba a saba ji ba, wasu masu amsa-amo, wasu kuma an cire musu amsa-amon an bar ma'anar. Masu karatu sun fi gaskata masu amsa-amo. Gwajin a kan amsa-amo aka yi shi, amma gargaɗin ya shafi duk wata dabara mai sa jimla ta yi santsi. A dubi waɗannan jimloli biyu:

(7) Kowane abu yana buɗewa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya yi sanyi.
(8) Da rana tsiro yana shaƙar iskar kabon ya fitar da oksijin, da dare yana shaƙar oksijin ya fitar da iskar kabon.

Jimla ta (7) ta dace da ƙarfe, amma ruwa ya ƙaryata ta. Ruwa yana tsukewa ne har ya sauko kusan digiri 4 a ma'aunin Selshiyos, daga nan sai ya fara buɗewa, kuma idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100. Shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa, kwalbar da aka cika taf aka bari ta ƙanƙare kuma takan fashe. Jimla ta (8) tana sa ɗalibi ya ɗauka tsiro ba ya numfashi da rana. Gaskiyar magana ita ce tsiro yana amfani da oksijin dare da rana, haɗa abinci ne kawai yake bukatar haske, kuma da rana wannan aiki yana rinjayar numfashin. Ayyukan biyu ba tagwaye ba ne, don haka ɗinka musu riga iri ɗaya ya ɓoye gaskiya.

Akwai kuma jerin da gininsa ya daidaita amma ma'anarsa ta saɓa:

(9) Alamomin zazzaɓin cizon sauro su ne zafin jiki da ciwon kai da rawar sanyi da rashin kwana a gidan sauro.

Uku na farko alamomi ne, na huɗu kuwa sanadi ne da ya saje cikinsu. Hanyar kama irin wannan baƙo ita ce marubuci ya rubuta kan jimlar a sama, ya jera 'yan jerin ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya karanta kowanne tare da kan jimlar da babbar murya. Wanda ya ƙi haɗuwa ta fuskar gini a gyara masa siga. Wanda ya ƙi haɗuwa ta fuskar ma'ana a fitar da shi a ba shi jimla tasa. Sau da yawa a wannan gwaji ne marubuci yake gane cewa tunaninsa ne bai gama nuna ba.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa jerin sarƙe tsohuwar dabara ce da ke cikin karin maganarmu, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana rage wa ƙwaƙwalwa aiki. Mun kuma ga ƙa'idojinta huɗu, da wuraren da Hausa take da nata tsari, da hatsarin daidaita abin da bai daidaita ba. Ya kamata a tuna cewa maimaici idan ya yi yawa yana gundura, kuma shafin da kowace jimla tasa take tafe uku-uku ya koma kiɗa. A ajiye dabarar don wuraren da ake jera manufofi, ko matakai, ko kwatance, sauran jimloli a bar su su sake.

Jinga

A gyara waɗannan jimloli, a kuma faɗi ƙa'idar da kowace ta karya:

1. Amfanin bishiya ya haɗa da ba da inuwa, tana hana zaizayar ƙasa, da itacen girki.
2. Nauyin lita ɗaya ta zuma ya fi ruwa.
3. Ɗalibai suka shiga ɗakin gwaji, sun kunna wuta, da kuma suka ɗora ruwa.
4. Dabbobin gida sun haɗa da akuya da tunkiya da saniya da madara.

Bayan haka, mai karatu ya nemo karin magana biyar masu jerin sarƙe, ya ƙirga gaɓoɓin kowane ɓangare, ya ga wane ɓangare ne ya fi yawan zama dogo.